Haskaka Haƙora da Kare Ɓawonsu: Matsayin Sinadaran Makarin Oksijin

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda man haskaka haƙora ke taɓa ɓawon haƙori, da rawar da sinadaran makarin oksijin ke takawa wajen rage illarsa. An kuma ba da shawarar kalmomin da za su sauƙaƙa bayanin wannan fanni da Hausa.

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe ta dauri, jan haƙori ado ne. Mata kan goga furen taba a haƙora, su bi da goro, har baki ya rine. A yau ma'aunin kwalliya ya juya: farin haƙori ake nema. A unguwanni irin su Nassarawa GRA ta Kano, inda Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da asibitoci masu zaman kansu suke, haskaka haƙora ya shiga cikin abubuwan da ake tambayar likita, wasu kuwa suna sayen man a kanti ko ta intanet ba tare da shawara ba. Haɗarin shi ne, ɓawon haƙori idan ya zaizaye ba ya sake tsirowa.

2.0 Ɓawon Haƙori da Aikin Man Haskakawa

Ɓawon haƙori shi ne farin rufin da ke kare ƙashin ciki da jijiya. Kimanin kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne, kuma babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan'adam. Sai dai tsami na narkar da shi da zarar ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5.

Man haskakawa yana ɗauke da haidirojin farokzaid ko kabamaid farokzaid. Likitoci biyu na Amurka, Haywood da Heymann, su suka bayyana hanyar amfani da kabamaid mai ƙarfin kashi 10 a gida a shekarar 1989. Sinadarin yakan saki ƙwayoyin oksijin masu kaifi, su ratsa ɓawo, su wargaza launin da goro, shayi ko taba suka bari. Amma kaifin nan ba ya zaɓe: yana iya rage taurin ɓawo, ya sa fuskarsa kaushi, ya jawo zugi in an sha ruwan sanyi. Haka kuma ragowar oksijin na hana ciko kama haƙori da kyau, shi ya sa likitoci kan jinkirta ciko na kusan mako biyu bayan haskakawa.

3.0 Makarin Oksijin

Bahaushe na kiran abin da ke karya dafi makari, don haka muka zaɓi "makarin oksijin" ga sinadaran da ke kashe wannan kaifi. Fitacce cikinsu shi ne sodiyam askobet, dangin bitamin C, wanda gwaje-gwaje suka nuna cewa shafa shi bayan haskakawa na dawo da ƙarfin kamun ciko. An kuma gwada bitamin E, koren shayi da 'ya'yan inabi. Masu bincike a Indiya sun haɗa ruwan dankalin Hausa da man haskakawa, suka ga fuskar ɓawon ba ta yi kaushi sosai ba.

A nan akwai tsaka mai wuya. Oksijin ɗin da ke cutar da ɓawo shi ne ke haskaka shi; idan makari ya yi yawa a cikin man, aikin zai raunana. Saboda haka adadi da lokacin sa shi su ne ginshiƙin binciken. Yawancin gwaje-gwajen ma a kan haƙoran da aka cire aka yi su, ba a bakin masu rai ba.

4.0 Kammalawa

Makarin oksijin taimako ne, ba lasisin wuce gona da iri ba. Tarayyar Turai ta taƙaita man da ya wuce kashi 0.1 zuwa 6 na haidirojin farokzaid ga hannun likitan haƙori tun 2011, wanda darasi ne gare mu. Wajibi ne masana Hausa su haɗa kai da likitocin haƙori na Jami'ar Bayero don daidaita waɗannan kalmomi, domin mai goge haƙora da gawayi ko lemon tsami ya ji gargaɗin cikin harshensa. Rigakafi ya fi magani.