LADUBBAN NEMAN TAKARDAR SHAIDA DAGA TSOHON MALAMINKA



Wani matashi daga Fagge ya same ni bayan sallar Isha'i yana ƙorafi. Ya gama Jami'ar Bayero, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana tsaron shagon kawunsa a kasuwar Sabon Gari. Yana neman tallafin ƙaro karatu a waje, ya tura wa malaminsa imel, shiru. Na ce ya nuna min. Abin da ya rubuta kawai: "Salam sir, ina buƙatar takarda, jibi za a rufe." Ba suna, ba shekara. Haba ɗan'uwa!

Mu fahimci wani abu: wannan takarda shaida ce. Jami'ar Musulunci ta Madina tana neman ta da sunan tazkiyya, tallafin Chevening na Birtaniya yana neman ta daga mutum 2. Malami zai sa hannu ne a kan cewa ya san iliminka da halinka, kuma za a tambaye shi a kan haka ranar gobe. To ka sauƙaƙa masa ya faɗi gaskiya.

1. Zaɓi wanda ya san ka. Malamin da ya duba aikin bincikenka na aji huɗu ya fi babban farfesan da bai taɓa ganin fuskarka ba.

2. Ka fara da sallama da gaisuwa, ka kira shi da matsayinsa, Dakta ko Farfesa. Sannan cikakken sunanka, lambarka ta ɗalibta, shekarar da ka gama, da darasin da ya koyar da kai. Ɗalibai ɗaruruwa sun wuce ta hannunsa.

3. Ka haɗa da sakamakonka da taƙaitaccen tarihinka, ka faɗi inda za a tura da ranar rufewa.

4. Ka ba shi lokaci, aƙalla wata guda. Roƙo kake yi, ba bashi kake bi ba. In ka ji shiru mako biyu, ka tuna masa cikin ladabi, ko ka taka ka gaishe shi a ofis.

5. In ya ce ba zai iya ba, ka yi godiya. Gara haka da ya rubuta abin da ba zai amfane ka ba.

Babban gargaɗi: kada ka je shagon kwamfuta a ƙaga maka takarda da sa hannun malami. Shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai, kuma makarantu da yawa malamin suke tuntuɓa kai tsaye. In asiri ya tonu, ka rasa gurbin, ka rasa mutuncin.

Ku kuma malamai, in ɗalibi ya cancanta, kada a riƙe masa shaida.

In an dace, ka koma ka sanar da shi, ka yi masa addu'a. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri. Amin.