Darasi Na 12: Zaɓen Littafin Hira

Dirin Daji gari ne a ƙasar Zuru, cikin Jihar Kebbi, nan ne kuwa mazaunin Ƙaramar Hukumar Sakaba. Yana bisa hanyar da ta taso daga Zuru ta nufi Rijau da Kwantagora. Mutanen wannan ƙasa manoma ne na gaske, kabilunsu kuwa da yawa. Akwai Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, akwai Kambari da Dukkawa da Fulani da Hausawa. Saboda haka sau da yawa yaro yakan tashi da harshe ɗaya a gida, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, in ya shiga aji kuma ya tarar da Turanci yana jiransa. Yaron da ke ɗauke da harsuna uku haka ba ƙaramin arziki gare shi ba, amma kuwa yana bukatar abin da zai riƙe masa karatunsa. Babu abin da ya fi littafin hira iya wannan aiki.

Littafin hira shi ne wanda aka rubuta labari a ciki domin a ji daɗi, a kuma ƙaru da hankali. Yau ana ce da irinsa ƙagaggen labari, watau labarin da mai rubutu ya ƙago da tunaninsa. Ya bambanta da littafin aji, gama shi ba wanda zai tsare yaro da bulala a kansa. Daɗin labarin ne ke jan mai karatu daga shafi zuwa shafi, har ya ƙare bai sani ba.

Ga misalin amfaninsa. A ce yara biyu ne a aji biyar, ƙoƙarinsu ɗaya. Sai aka rufe makaranta wata da watanni, kamar yadda ya sha faruwa a ƙauyukan ƙasar Zuru sa'ad da 'yan bindiga suka hana mutane zama lafiya. Ɗayan ya rataye jakarsa, bai sake duban baƙi ba. Ɗayan kuwa yana da wani tsohon littafin hira na wansa, kullum in an taso daga gona sai ya karanta shafi biyu ko uku. Ran da aka koma, malam ya miƙa wa kowannensu takarda. Na farkon ya yi ta in'ina, yana bin kalmomi da yatsa kamar ɗan aji biyu. Na biyun ya zarce sumul. Malam ya dubi na farkon, ya ce, "Yarona, in ka jingine fartanya damina guda, me za ka tarar?" Yaro ya sunkuyar da kai, ya ce, "Tsatsa, Malam." Malam ya ce, "To, haka karatu yake."

Wannan ba abin wasa ba ne. Yaron da karatunsa ya yi tsatsa a aji biyar, da wuya ya ci jarrabawar shiga makarantar gaba. In ya girma kuma, sai ya nemi wani ya karanta masa takardar asibiti, ko rubutun da ke jikin buhun taki, ko wasiƙar da ba ya so kowa ya ji abin da ke ciki.

Littattafan Da

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kafin a zo kan sababbin littattafai, ya kamata yaro ya san tsofaffin. A cikin shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabancin ofishin fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East.

Yaron Dirin Daji yana da dalilin da zai ɗauki waɗannan kamar na gida. Abubakar Imam da Bello Kagara wa da ƙane ne, mutanen Kagara. Alhaji Imam, wanda ya tafi neman ruwan Bagaja domin a warkar da ɗan sarki, daga Kwantagora ya tashi. Ganɗoki ma jarumin Kwantagora ne, ya yi yaƙi da Turawa a zamanin da suka ci ƙasar. Shaihu Umar kuwa a Kagara aka haife shi, aka sace shi yana ƙarami, har rabo ya kai shi ƙasar Larabawa, uwarsa ta bi sawunsa cikin hamada tana nema. Wanda ya rubuta wannan labari shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko.

Bayan waɗannan sai Magana Jari Ce, littafi uku, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya cikin 1936. A littafi na ɗaya wani aku ne ke yi wa ɗan sarki Musa labari bayan labari, domin ya hana shi fita daga gida ya faɗa hannun maƙiya. Da yake labarun gajeru ne, kowanne da farkonsa da ƙarshensa, shi ya fi dacewa ɗan aji huɗu ya fara da shi. Ɗan aji biyar ya ɗauki Ruwan Bagaja, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Mai son labarin sama da taurari ya nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro Kilba da aka tafi da shi yawo sararin sama. An buga shi cikin 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata. Shaihu Umar a bar wa ɗan aji shida, gama akwai baƙin ciki a cikinsa, kuma yana bukatar a yi tunani.

Littattafan Yanzu

Tun daga wajen 1980 littattafan Hausa suka yawaita ƙwarai, musamman a Kano. A gasar da kamfanin buga littattafai na Zariya ya sa, aka fid da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid cikin 1980. Daga baya aka sami marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Cikin 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata masu rubuta gajerun labarai. Waɗannan duka aiki ne mai kyau, amma yawancinsu zancen soyayya ne da aure da rikicin zaman gida, domin manya aka yi su. Kada yaro ya yi gaggawa, suna nan suna jiransa. Kome daɗin tuwon dawa, ba a fara ba jariri shi.

Sababbin littattafan da aka rubuta musamman domin yara 'yan shekara tara zuwa goma sha biyu, galibinsu da Turanci suke. Wannan kuwa ba abin gudu ba ne ga ɗan aji biyar ko shida, tun da da Turanci zai yi jarrabawa. Hanya mai sauƙi ta gane nagari a cikinsu ita ce a duba waɗanda suka ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya, wadda kamfanin gas na NLNG ke bayarwa tun 2004. Ana juya ta ne tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da littafin yara, kuɗinta kuwa dala 100,000. Alƙalanta ba su da sassauci: cikin 2015 sun duba littattafan yara da aka kawo, suka ce babu wanda ya cancanta, ba a ba kowa ba.

Cikin 2011 wanda ya ci shi ne The Missing Clock na Adeleke Adeyemi, wanda ya sa wa kansa sunan rubutu na Hausa, Mai Nasara. Labarin wani ƙaramin yaro ne, Banji, da gidansu da arziki ya juya wa baya, da yadda suka sake miƙewa.

Cikin 2019 sai Boom Boom na Jude Idada ya ci. Wani yaro ne ɗan shekara takwas, da karensa, da ƙanwarsa mai ciwon sikila, watau amosanin jini. Yaron ya ɗaura aniyar sai ya sami hanyar da ƙanwar za ta tsira. Wannan ciwo sananne ne a ƙasar nan. Wanda ya karanta littafin zai gane gadonsa ake yi daga uwa da uba, ba maita ba ce, ba kuma a ɗaukarsa wajen cin abinci tare. Daga nan ba zai ƙara yi wa abokinsa mai yawan kwanciya ba'a ba.

Cikin 2024 aka ba The Road Does Not End na Olubunmi Familoni. Yana magana ne a kan yaran da ake sa su aikin neman kuɗi a lokacin da ya kamata suna aji. Duk yaron da ya taɓa ɗaukar tire ran kasuwa, yana jin ƙararrawar makaranta daga nesa, zai ga kansa a ciki.

Akwai kuma Ikenga na Nnedi Okorafor, wanda ya fito cikin 2020. Wani yaro ne, Nnamdi, aka kashe ubansa, shugaban 'yan sandan garinsu. Sai ya sami wani abin tsafi mai ba shi ƙarfin da ya wuce na mutane. Amma ya tarar ƙarfi tare da fushi wuta ce, tana iya cin mai ita. Wanda ya gama shi, in ya ƙara girma, ya gwada shi da Jiki Magayi, ya ga yadda marubuta biyu, zamani daban, harshe daban, suka dubi ramuwar gayya.

Wanda Turancinsa bai yi ƙwari ba tukuna, ya fara da Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966. Chike yaro ne da ya zo Anaca daga ƙauye, babu abin da yake so kamar ya haye Kwara a jirgin fito. Ya kai ɗan kuɗin da ke hannunsa wajen mai da'awar ninka kuɗi, ya yi hasara. Sai da ya wanke motoci da hannunsa ya sami kuɗin jirgi. Kwaran nan kuwa ita ce dai wadda ta ratsa Yawuri, cikin Jihar Kebbi.

Yadda Ake Zaɓe

Ba kowane littafi mai kyau ne ya dace da kowane yaro ba. Ga yadda za a gwada. Yaro ya buɗe littafin a tsakiya, ya karanta shafi guda. Duk sa'ad da ya gamu da kalmar da bai sani ba, ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In ya kai ƙarshen shafi bai lanƙwasa ko ɗaya ba, littafin ya yi masa sauƙi, ya ba ƙanensa. In ya lanƙwasa biyu ko uku, wannan nasa ne. In kuwa yatsu biyar suka ƙare tun shafi bai ƙare ba, ya ajiye shi sai baɗi. Ba abin kunya ba ne, sannu ba ta hana zuwa.

Bayan wannan ya nuna wa malaminsa, ko wani babba mai karatu a gida, kafin ya duƙufa a kansa.

Littafi yana da tsada, saboda haka dabara ita ce a haɗa kai. In yara goma kowanne ya sami littafi ɗaya, suka riƙa musanya kowane mako biyu, kafin wata biyar kowannensu ya karanta goma. Wanda gidansu ke da babbar waya, ya roƙi a buɗe masa African Storybook, inda ake samun gajerun labarai masu hotuna da Hausa kyauta, domin ya karanta wa ƙannensa.

A kuma kiyaye maƙiyan littafi guda huɗu: gara, da ruwan sama, da hannun da ya taɓa miya, da ƙane mai rarrafe. A yi masa riga da takarda mai kauri, a sa shi cikin akwati, kada a bar shi a ƙasa.

Abu na ƙarshe shi ne, labarin da aka karanta kada a bar shi a ciki. Da dare, bayan an ci tuwo, yaro ya ba iyayensa da kakanninsa labarin da harshen gida. Wanda ya iya juya labari daga Turanci ko Hausa zuwa harshen uwarsa, lalle ya fahimce shi. Su kuma tsofaffin za su rama masa da nasu: labarin bikin Uhola, da yadda samari ke noman golmo, da yadda kakanni suka zauna bisa duwatsu. Ya sami littafin rubutu ya riƙa ajiye su. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja. Ba mamaki wanda zai rubuta wa yaran Hausa littafin da za su yi ta nema nan gaba, yanzu haka yana zaune a wani aji a Dirin Daji.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin littafin hira da littafin aji?
2. Me malam yake nufi da zancen fartanya da tsatsa?
3. Faɗi littattafai biyar da aka samu daga yunƙurin 1933, da waɗanda suka rubuta su.
4. Wane littafi ne ya yi magana a kan ciwon sikila? Me yake koyarwa?
5. Bayyana yadda ake gwada littafi da yatsu.
6. Tambayi wani tsoho a gidanku labari ɗaya na ƙasarku, ka rubuta shi cikin layi goma sha biyar.