LAMBUNAN CIKIN GARI DA HANYAR TSARE SU

Darasi domin manoman rani na Funtuwa da Malumfashi

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta daɗe da yin suna wajen noma. Auduga ce ta fara jawo mata baƙi, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta ratsa Funtuwa, aka buɗe ta a 1929. A 1975 kuma aka soma babban shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya. Garuruwan sai bunƙasa su ke yi. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 225,000 a Ƙaramar Hukumar Funtuwa, da sama da 180,000 a ta Malumfashi.

To, gari idan ya tumbatsa, abin da ya ke fara ci shi ne lambu. Dillali ya zo da kuɗi, a yanka fadama fuloti-fuloti, a cike ta da ƙasa, a ɗora bulo. Gonar da aka sayar a daji a kan sami madadinta, amma fadamar da aka gine ta tafi ke nan har abada.

AMFANIN LAMBU GA GARI

Amfani na fari shi ne abinci. Alayyafo da latas da yakuwa ba su jure tafiya, da safe a ke cire su, kafin hantsi sun isa kasuwa. Na biyu, sana'a. Lambu ɗaya yana ciyar da mai shi, da ɗan ƙwadago, da mai kura, da mai tebur a bakin kasuwa. Na uku, fadama ita ce mazaunin ruwa. Idan aka toshe ta, ruwan damina ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane. Na huɗu, tun wajen 2019 rashin tsaro a yankunan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya raba manoma da dama da gonakinsu na nesa, ya koro su gari. Ga irin waɗannan bayin Allah, ɗan fegi a bakin rafi ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Filin da ke cikin iyakar da aka ayyana ta birni, Gwamna ke ba da takardarsa. Na ƙauye kuwa Ƙaramar Hukuma ke ba da izinin riƙonsa bisa al'ada. Da dokar ta fito, filin birni da aka raya ya zauna ga mai shi, amma wanda ba a raya ba rabin hekta kaɗai aka bar masa, watau wajen eka ɗaya da rubu'i.

Gwamnati tana da ikon karɓar fili domin amfanin jama'a. Diyyar da a ke biya kuwa ta aikin da aka yi ce a kan filin, kamar rijiya da gini da itatuwa da shuka. Ba a biyan kuɗin tsurar ƙasa. Saboda haka mai lambun da ba shi da takarda, ba shi da shinge, aro kawai aka ba shi da baka, shi ne ya fi kowa zama cikin haɗari.

MISALI DAGA INGILA

A Ingila ma an yi wannan fama. Dokarsu ta 1908 ta ce idan mutum shida masu zaɓe ko masu biyan haraji suka rubuta suna neman filin lambu, wajibi ne majalisar gari ta duba buƙatarsu. Ta 1925 kuma ta hana majalisa sayar da filin da aka saya domin lambu sai da yardar Minista. Abin lura a nan shi ne, da rubutu da haɗin kai aka tsare lambunan.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. Masu lambun kowace fadama su kafa ƙungiyar gama kai, su zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, su yi mata rajista.

2. A rubuta sunan kowa da girman feginsa da yadda ya same shi, ko gado, ko saye, ko haya, ko aro. Haya da aro a sa su a takarda gaban shaidu da mai unguwa.

3. A raya wurin. A gina rijiya, a yi darni, a dasa mangwaro da gwaiba da zogale a kan iyaka.

4. A kai buƙata a rubuce ta hannun dagaci zuwa ga Hakimi, watau Sarkin Maska a Funtuwa ko Galadiman Katsina a Malumfashi, sa'an nan ga Ƙaramar Hukuma da ofishin tsara birane, a roƙi a keɓe fadamar cikin taswirar gari tun ba a yanka ta ba.

5. A guji ban ruwa da ruwan kwata mai ɗauke da ƙazanta ko baƙin mai. Lambun da ke jawo cuta ba ya samun mai tsaya masa.

6. Wanda larura ta tilasta masa sayarwa ya fara yi wa ƙungiya tayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, fegi ɗaya da aka gine a tsakiyar fadama ya isa ya tare wa sauran hanyar ruwa.

Duk wannan aiki tun kafin a ga turakun safiyo a ke yinsa. Ranar da aka kafa su, magana ta koma ta diyya.

TAMBAYOYI

1. Wane ne ke ba da takardar fili a cikin birni, wane ne kuma a ƙauye?
2. A kan me a ke biyan diyya?
3. Don me a ke so a rubuta yarjejeniyar aro da haya?