Darasi: Idan Gindin Bakin Saksofon Ya Tsage

Ɗan'uwa mai karatu, ko kai ne mai busa saksofon a ƙungiyar mawaƙa, ko kuwa a hannunka aka damƙa ajiyar kayan kiɗa? Wannan darasi naka ne. Saksofon ƙahon busa ne da Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, ya ƙirƙira, ya kuma yi masa rajista a Faransa a 1846. Kaya ne mai tsada, ba a kowane gari ake samun mai gyaransa ba. Saboda haka ya kamata ka san abin da za ka yi ranar da bakinsa ya tsage.

Ka fara sanin bakin

Bakin saksofon shi ne ɗan baƙin abin nan da ake sawa a baki, wanda ake ɗaura wa siririn harshen gora. Yawancinsa ana yinsa da roba mai tauri wadda aka dafa da farar wuta, ana ce da ita ebonayit. Tana da ƙarfi, amma ba ta lanƙwasuwa sosai. Gindin bakin kuwa shi ne inda ake zura shi a wuyan saksofon, bisa ɓawon kok da aka naɗa a wurin.

Me ke kawo tsaguwa?

Wani lokaci faɗuwa ce. Amma sau da yawa laifin kok ne. In kok ya yi kauri, ko ya bushe babu mai, kai kuma ka tura bakin da ƙarfi, sai kok ya riƙa tura gindin daga ciki har ya tsage. Da farko tsagar ba ta wuce sililin gashi ba. Kada ka raina ta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk lokacin da ka zura bakin, tsagar tana ƙara buɗewa tana hawa sama. Sa'an nan iska ta fara zurarewa, bakin ya riƙa girgiɗi a kan kok, muryoyin ƙasa su ƙi fita.

Matakan gyara

Na ɗaya, ka daina busa shi. Ka wanke shi da ruwan sanyi da ɗan sabulu, ka bar shi ya bushe sarai. Kada ka sa ruwan zafi, gama yakan mai da baƙin ebonayit ya koma kore-kore, yana kuma iya karkatar da shi.

Na biyu, ka ɗiga gam cikin tsagar: ko Super Glue mai ruwa-ruwa, ko gam mai haɗi biyu irin su Araldite. Ka matse gindin a hankali har tsagar ta rufe, ka goge duk gam ɗin da ya ɓullo ta ciki tun bai daskare ba. Kada gam ya taɓa shimfiɗar da harshen gora yake kwanciya a kai.

Na uku, ka yi masa ɗamara. Ka lura da wannan da kyau, ɗan'uwa, domin nan ne mutane da yawa suke kuskure. Gam shi kaɗai ba ya riƙewa, tun da kok zai ci gaba da turawa daga ciki. Gyara mafi ƙarko shi ne zoben tagulla wanda ya kama gindin kam. Mai injin yankan ƙarfe zai iya ɗan rage bayan gindin ya ƙera zobe daidai da shi. In babu, ka sami zaren nailan mai ƙarfi, ka naɗa shi da tsauri, layi kusa da layi, daga ƙarshen gindin har ya ɗan wuce inda tsagar ta tsaya. Ka shafe zaren da Araldite, ka bar shi awa 24.

Na huɗu, ka koma kan tushen matsalar. Ka goge kok da samfefa mai laushi kaɗan-kaɗan, ka shafa masa man kok, har bakin ya shiga da murɗawa a hankali ba da kokawa ba.

Gwaji

Ka ɗaura harshen gora a jiƙe. Ka toshe gindin da tafin hannunka, ka zuƙe iskar ciki, ka cire bakinka. In harshen ya manne na ɗan lokaci kafin ya saki da ƙara, to babu yoyo. In bai manne ba, ka sake gwadawa da sabon harshe kafin ka zargi gyaran. Idan kuwa tsagar ta riga ta kai shimfiɗar harshen, aikin ya fi ƙarfin gida, sai gwani ko sabon baki.

Abin yi a wannan mako

Ka ɗauki bakin saksofon ɗinka ka duba gindinsa a hasken rana, ciki da waje. Daga yau kuma, in ka gama busa, ka cire shi daga wuyan, ka goge shi, ka ajiye shi a inuwa.