Yadda Ake Gyaran Birkin Tsohuwar Babbar Mota

Idan aka ɗauko tsohuwar mota wadda ta daɗe a ajiye za a tashe ta, yawancin mutane inji suke fara dubawa. Da ya yi ƙara sai murna, a ce mota ta tashi. Ni kuwa a ganina da birki ya kamata a fara, gama motar da ta ƙi tashi lokaci kaɗai take ɓata wa mutum, amma wadda ta ƙi tsayawa rai take ɗauka. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ina so in bayyana muku abin da na koya wurin wani makanike da nake taya shi aiki lokacin hutu. Motar da muka gyara Bedford ce, irin wadda kamfanin Vauxhall na Ingila ya fara ƙerawa a 1931. Tamu tana cikin samfurin J, wanda ya fito a 1958, birkinta kuwa na mai ne.

Yadda birkin mai yake aiki

Wani masani mutumin Faransa, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya nuna cewa idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yakan kai kowane sashe daidai wa daida. A kan wannan ka'ida aka gina birkin mai. Sa'ad da direba ya taka birki, fistin yakan tura mai daga babban famfo, wanda makanikai suke kira masta. Man ya bi ta bututu zuwa ƙananan silinda na kowace ƙafa, su kuma su buɗe takalman birki su matse cikin gangar ƙarfen da take juyawa tare da taya.

Ga misali da lissafi. A ce ƙafar direba ta danna da ƙarfin laba 50, sandar matakin kuwa ta riɓa shi sau 5, ya zama 250. In fuskar fistin na masta murabba'in inci 1 ce, ta fistin na ƙafa kuwa 2, to, ƙarfin da zai isa takalmin laba 500 ke nan. Amma duk wannan ya dogara ga abu ɗaya, watau mai ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa. In ta shiga bututu, ƙarfin direba zai ƙare wajen matse ta, mataki ya tafi ƙasa laɓo-laɓo, mota tana ta tafiyarta.

Matakan gyara

1. A tsai da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa weji a ƙafafu, a ɗaga ta da jak, sa'an nan a tokare ta da katako mai kauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita.

2. A cire taya da ganga. Ƙurar da ke ciki kada a hura ta da baki ko da famfo, sai a share ta da jiƙaƙƙen tsumma. Fatar takalman dā ana yin ta da wani ma'adini, asbestos, wanda ƙurarsa take kawo ciwon huhu mai kisa bayan shekaru masu yawa.

3. A duba fatar takalman. In ta cinye har ta kusa kai kan ƙusoshin da suka riƙe ta, ko ta sha mai, sai a sake ta. A sake ta dama da ta hagu tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe ɗaya in an taka birki. Gangar da ta tsage kuwa ba ta da magani sai sabuwa.

4. A kwance masta da ƙananan silinda. Motar da ta yi shekaru a tsaye za a tarar fistin ya kafe, robobi sun ruɓe. Tsatsa kaɗan takan goge, amma in ta ci ƙarfen har ta yi ramuka, sabuwar roba ba za ta hana yoyo ba, sai a sake silindar. A wanke kayan da man birki mai tsabta. Kananzir da fetur da baƙin mai suna kumbura roba, kada su taɓa ta.

5. A bi bututun ƙarfe da tiyon roba tun daga masta har ƙafafu. Wanda ya tsage, ko ya kumbura, ko tsatsa ta ci shi, a sake shi. Yawancin motocin dā layin mai ɗaya gare su, saboda haka huda guda ta isa ta kashe birkin ƙafafu duka. Shi ya sa a duba birkin hannu kuma, gama ba ya dogara ga mai.

6. A mayar da kome wurinsa, a daidaita takalma har su fara shafar ganga, sa'an nan a sassauta kaɗan yadda ƙafa za ta juya sakayau.

7. A fitar da iska. Wannan aikin mutum biyu ne, ana kuwa farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta. A sa siririn tiyo a bakin ɗan notin fitar da iska, ɗaya bakin kuma cikin kwalba mai ɗan mai. Na cikin mota ya taka sau uku ko huɗu ya riƙe, na ƙasa ya kwance noti, mai da kumfa su fita, ya ɗaure kafin wancan ya ɗaga ƙafa. Haka za a yi ta yi har kumfa ta ƙare. A lura kada tankin mai ya bushe, in ya bushe aiki ya koma farko.

8. A gwada motar a fili inda ba mutane, a hankali, kafin a ɗora mata kaya.

Maganar mai

Man birki yana shan laima daga iska. Sabon mai irin wanda aka rubuta DOT 3 a gwangwaninsa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha laima yana iya tafasa wajen 140. In ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa kamar iska yake. Don haka a zubar da tsohon mai duka, a riƙa sakewa kamar bayan shekara 2. Waɗansu sukan zuba ruwan sabulu maimakon mai, waɗansu su toshe bututun ƙafar da take yoyo su ci gaba da tafiya. Wannan araha ce wadda ba ta ado. Ruwa yana tafasa a digiri 100, ga shi yana kawo tsatsa. Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san yadda ganga take zafi a doguwar gangara. A irin wurin nan direban kirki yakan sa ƙaramin giya tun daga sama, inji ya taimaki birki. A tuna kuma, in gudu ya riɓa biyu, nisan da birki yake bukata ya riɓa huɗu.

Ga mu malaman gobe

Muna iya nuna wa yara wannan ka'ida ba tare da mota ba. A samo sirinji marar allura, a cika shi da ruwa, yaro ya toshe baki da yatsa ya danna, zai ga ya ƙi motsi. A zubar da ruwan a bar iska, ya sake dannawa, zai ga ya shige. Cikin ajin da za mu koyar akwai masu zama direbobi da makanikai, sauran kuwa duka fasinjoji ne. Yaron da ya ji wannan bambanci da yatsansa, ran da ya girma ba zai yarda a zuba wa birki ruwan sabulu yana kallo ba. Allah ya kiyaye mu a hanya, amin.