Idan Lissafi Ba Ya Zama a Kanki

Mai kayan miya ya miƙo miki canji, kin cusa a jaka ba ki ƙirga ba, don kin san ko kin ƙirga ba zai fito daidai ba. Agogo mai hannu kallonsa kawai kike yi. Lambar wayarki ma sai kin duba. A makaranta an sha ce miki daƙiƙiya, alhali a Hausa da tarihi ke ce kan gaba.

Masana suna kiran wannan diskalkuliya. Wani masanin halayyar ɗan Adam daga Chekoslobakiya, Ladislav Kosc, ya yi bayaninta a 1974, kuma an ƙiyasta tana shafar mutum 3 zuwa 7 cikin ɗari. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke gane adadi, babu ruwanta da lalaci ko ƙarancin basira. Ba ta da maganin sha, girma kuma ba ya kawar da ita. Abin yi shi ne ki sauke wa kanki nauyin lambobi, ki ɗora wa takarda da waya.

1. Raba kuɗinki tun a gida. Gobe kafin ki fita, ware na cefane, na mota da na kati, kowanne a aljihunsa. Ki san takardun da fuskokinsu: Murtala 20, Awolowo 100, Sardauna 200, Azikiwe 500. Ido ya fi saurin kama fuska da launi.

2. A kasuwa, fito da kalkuletar wayarki a gaban kowa. Shi ma ɗan kasuwar da ita yake aiki, to kunyar me? Kafin ki miƙa kuɗi ki buga, ki ga canjin da za ki karɓa, sannan ki ce, "Malam, ƙirga min a hannuna." In kina lissafin ko kuɗinki zai isa, ɗauki kayan 1,850 a matsayin 2,000. Ragowar taki ce.

Ke da kike Maraɗi ko Damagaram aikinki biyu ne, domin baki da dala yake ciniki, takarda kuwa da sefa aka rubuta ta. Rubuta wannan ki liƙa a bayan waya: dala goma 50, dala ashirin 100, dala ɗari 500, jaka 1,000.

3. Tura kuɗi ta waya, a nan asara ta fi yawa. Lambar asusu guda goma ce, kada ki yarda a karanto miki. A turo a rubuce, ki kwafa. Karanta sunan mai asusun kafin ki sa lambar sirri. Sannan ki ɗora yatsa ki ƙirga sifili ɗaya bayan ɗaya: tsakanin 5,000 da 50,000 sifili guda ne kacal. A wurin mai POS, ya faɗi adadin da baki, ki duba allon, sannan ki danna. Lambar sirrin kuwa ki haddace ta da hanyar da yatsanki ke bi a kan madannai, kada ki rubuta ta a jikin katin.

4. Koma agogon lamba. Ƙararrawar waya ki saita ta a lokacin da za ki bar gida, ba lokacin da ake jiranki ba.

5. Magani ba a yi masa kintace, musamman na yara. Ki roƙi mai ba da maganin ya ja miki layi da biro a jikin sirinji ko kofin awo daidai inda za ki tsaya, ya kuma rubuta "safe, rana, dare" a kwalin. Duk lokacin da kika bayar, ki yi alama a takarda.

6. Samu mutum ɗaya amintacce ki gaya masa. "Lissafi na ba ni wahala, duba min wannan" ya wadatar. Zubin adashi, bashi, kuɗin haya, duk su shiga littafi nan take, shi kuma ya riƙa duba miki a ƙarshen mako.

7. Ki sa ido a kan yaranki, don abin yakan bi jini, kuma sau da yawa yana zuwa tare da wahalar karatu. Yaron da tsaransa suka wuce shi kuma har yanzu da yatsu yake ƙirga, ko ya haddace jadawali yau gobe ya zube, bulala ba za ta ƙara masa komai ba sai tsoro. Zauna da shi minti goma kullum da wake ko marfin kwalba, ya taɓa, ya jera, ya raba da hannunsa. A fara duba idonsa da kunnensa, sannan a nemi masanin matsalolin koyo ya gwada shi. Kin san yawancin kwasa-kwasan jami'a sai da kiredit a lissafi a WAEC ko NECO, don haka ki je wurin malaminsa a makon nan, kada ki jira sakamakon jarrabawa.