Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu

Mu da muke aiki da na'urar MRI, an fi saninmu da ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Amma na'urar tana da wani aiki da ake kira MRS, wanda ba ya fitar da hoto sai layi mai tuddai, kowane tudu alamar wani sinadari ne. Ana kwantar da mutum cikin ramin maganaɗisun, a zaɓi ɗan wuri ta ƙeya inda ake sarrafa gani, a riƙa walƙa masa haske a ido ana awo. A 1991 Prichard da abokansa a Jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa laktet, sinadarin da ke fita idan ana sarrafa sukari, yana ƙaruwa a wurin da zarar ido ya fara aiki. A 2007 masu bincike a Minesota, da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 7, suka ga sukari yana raguwa, laktet da wani sinadari mai suna gulutamet suna hawa. Wato kowane aiki, nan take ƙwaƙwalwa take biyan kuɗinsa daga sukarin jini, domin ajiyarta 'yar kaɗan ce.

Wani zai ce ai ƙarin da ake gani lokacin aiki ƙarami ne. Gaskiya ne, kuma a nan ne abin tsoron yake. Ƙarin ya yi ƙanƙanta ne saboda dama can ƙwaƙwalwa cin ta take yi ba dare ba rana. A jikin babba nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa. A yaro ɗan shekara biyar kuwa, ta haura rabin abin da jikinsa ke ƙonawa yana kwance. Ga Batsari da Safana, inda 'yan bindigar dajin Rugu suka raba iyalai da yawa da gonakinsu, tamowa da zazzaɓin cizon sauro sukan haɗu a jikin yaro ɗaya, kuma kowannensu yana iya karyar da sukarin jini. Shi ya sa a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta jinyar tamowa mai tsanani, matakin farko shi ne hana faɗuwar sukari.

Wani kuma zai ce babu wannan na'ura a ƙauyukanmu, meye amfanin zancen? Ba awon muke buƙatar maimaitawa a kan kowane yaro ba, aiki da sakamakonsa muke buƙata. Yaro mai zazzaɓi da ya daina ci, jikinsa ya saki, ya yi sanyi ko barci ya rinjaye shi, kada a jira gari ya waye. In yana iya haɗiya, a ba shi nono ko ruwan sukari a kama hanyar asibiti. In ya suma ko yana jijjiga, kada a ɗura masa komai a baki don kada ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a gaggauta kai shi, a kuma roƙi ma'aikacin lafiya ya auna sukarinsa da ɗigon jinin yatsa.